Daga Sarkin Magina zuwa Wakilan Kwamfuta: Tarihin Sasantawa a Aikin Gini



Bisa al'adar Hausawa, shawara ita ce harsashin gini. A gari irin Sakajiki ta ƙasar Ƙauran Namoda, kafin a aza tubali sai an daidaita bukatu: maigida yana son ɗaki mai faɗi, magini ya san iyakar nauyin da azara ke ɗauka, maƙwabci kuwa ba zai yarda indararo ya zubar masa da katanga ba. A manyan birane, in magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sarkin magina ke raba gardama. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834-1846), shaida ne: da bakan gizo ya sulhunta gajartar azara da yalwar da masallata ke bukata.

Isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929 ta sauƙaƙa shigowar kwano da siminti. Sannu a hankali sana'ar ta rarrabu tsakanin mai zane, da injiniya, da mai ƙiyasin kuɗi, kowa da ofishinsa, saɓani kuma ya ƙaru.

Wannan saɓani ne masana kwamfuta suka nemi magancewa. A 1980 Reid Smith ya bayyana wata hanya da manhajoji za su yi ciniki a junansu, watau ɗaya ta yi shelar aiki, sauran su taya, a sallama wa wadda ta fi dacewa. A Jami'ar Loughborough ta Ingila, Chimay Anumba, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Jos, da abokan aikinsa sun jarraba haka a kan zanen gine-ginen masana'antu, suka kuma fitar da littafi a 2005. Kowace manhaja tana wakiltar ma'aikaci guda, tana ja, tana sassautawa, har a cim ma matsaya.

To, amma na'ura ba ta ciniki sai a kan abin da aka auna aka ba ta. Wa zai wakilci maƙwabci, ko uwargida da ke son zaure ya tsare mata idon baƙo? Daɗin daɗawa, in soro ya rufta a da, an san maginin da za a tuhuma. Duk tsarin da ya gāji sasantawar magabata, wajibi ne ya gāji wannan alhaki.