Jatan landen ruwan daɗi: abin da maganin sa barci ke yi wa jikinsa

Dabbar da ake magana a kanta ita ce jan jatan lande mai hannuwa kamar awartaki, wanda masana ke kira Procambarus clarkii. Asalinsa kudancin Amurka da arewa maso gabashin Meziko. A jihar Luwiziyana ana kiwonsa a gonakin shinkafa, amma yau ƙasar Sin ce ke gaba a nomansa, musamman lardin Hubei. Kada a haɗa shi da busasshen kirefish na kasuwanninmu, domin wannan ƙananan jatan lande ne daga gaɓar teku.

Masu kiwo na sa masa maganin barci ne saboda jigila da bincike. Idan aka kama shi aka cunkusa, wani sinadari da ke fitowa daga tushen idonsa yakan ɗaga sukarin jininsa, jikin ya ƙone makamashi da sauri, ya zuƙi iskar oksijin, ya kuma zubar da amoniya cikin ɗan ruwan da yake ciki. Amoniya guba ce gare shi. Ga faɗa da cizon juna.

Maganin da aka fi gwadawa shi ne man kanumfari, wanda sinadarin yujinol ke ciki. Kaɗan daga cikinsa yakan kwantar da dabbar: motsi ya ragu, buƙatar oksijin ta sauka, ruwa ya daɗe bai gurɓace ba. Sanyaya ruwa ma na yin haka, tunda zafin jikinsa na bin na muhallinsa.

Matsalar tana ga awo. Jatan lande na numfashi ne ta wasu ƙananan gaɓoɓi kusa da baki da ke kaɗa ruwa ya ratsa sassan numfashinsa a ƙarƙashin ɓawo. Barci mai nauyi yakan rage wannan kaɗawa. Oksijin ya yi ƙaranci a jini, tsoka ta koma samar da makamashi ba tare da shi ba, sinadarin laktet ya taru. Maganin da aka ba shi don rage wahala sai ya zama shi ne wahalar, kuma farfaɗowa ta yi jinkiri. Awon da ya dace yana sauyawa da girman dabbar da zafin ruwa, shi ya sa kwafe awon kifi ganganci ne. MS-222, wanda ke aiki sosai ga kifi, ba ya tasiri ƙwarai a kan wannan dangi.

Akwai kuma mai ci. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da man kanumfari a matsayin maganin sa barci na kifi ba, kuma ta wajabta jiran kwana 21 kafin a ci kifin da aka sa wa MS-222. A Birtaniya kuwa, dokar 2022 ta sanya jatan lande da kaguwa cikin dabbobi masu jin zafi.