Tarihin Ƙunshin Linux: Saurin Fitowa da Sauƙin Ɗorawa

Linux da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991 ƙwaya ce kawai, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Mai son amfani da ita sai ya tattaro sauran kayan aiki da kansa, galibi daga shirin GNU, ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahala ce ta sa wasu suka fara harhaɗa komai wuri guda suna rabawa. A 1992 aka samu MCC Interim a Manchesta, sai SLS, sai Yggdrasil wanda ya zo a faifan CD. Slackware na Patrick Volkerding ya fito a Yulin 1993 a kan fayafayan fulofi fiye da 20. Idan ɗaya ya lalace, aiki ya tsaya.

A Agustan 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, wanda 'yan sa kai suke gudanarwa. Debian da kamfanin Red Hat suka ɓullo da tsarin kula da ƙunshin manhajoji, dpkg da RPM, daga bisani APT ya zo yana gano abin da kowace manhaja ke buƙata ya sauko da shi. Amma ɗorawar farko ba ta yi sauƙi ba: mutum zai raba ma'ajiyar kwamfutarsa da hannu, ya san sunan katin hotonsa da ƙarfin allonsa. Kamfanoni ne suka fara gyara wannan. A 1999 Caldera da Red Hat suka kawo ɗorawa ta hanyar danna hotuna, har ta Caldera ta sa wasan Tetris don mai jira ya rage zaman banza. Knoppix na Klaus Knopper kuwa ya nuna cewa tsarin zai iya tashi daga CD ya gane kayan kwamfuta da kansa.

Debian ya riƙe al'adar fitar da sabon bugu sai ya nuna, ba a ɗaure shi da kwanan wata ba. Bugu na 3.0 ya fito a Yulin 2002, na 3.1 bai zo ba sai Yunin 2005, kuma sake rubuta manhajar ɗorawa na cikin abin da ya jawo jinkirin. A cikin wannan giɓi Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a Oktoban 2004: tushensa Debian ne, faifai ɗaya ya isa, sabon bugu kowane wata 6. Kamfanin Shuttleworth, Canonical, har aika fayafayan yake yi kyauta ta gidan waya zuwa 2011, abin da ya amfani ƙasashen da intanet ke da tsada. Fedora, wanda ya fara a 2003, shi ma ya ɗauki zangon wata 6.

Sauri ya zo da nasa nauyin, domin ofisoshi ba sa son canji sau biyu a shekara. Don haka daga 2006 Ubuntu ya ware bugu mai dogon tallafi, wanda yanzu ke fitowa duk shekara 2 da kulawar shekara 5. Arch Linux, da Judd Vinet ya fara a 2002, ya bi wata hanya dabam: babu bugu, sabuntawa ce ba yankewa, amma ya yi shekaru ɗorawarsa ta hannu ce. Wannan ya nuna cewa saurin fitowa da sauƙin ɗorawa ba dole su tafi tare ba.

Tazarar ta ragu a 'yan shekarun nan. Arch ya sa manhajar ɗorawa mai jagora a faifansa a 2021. Debian ya daidaita a kan kusan shekara 2, kuma bayan ƙuri'ar da 'yan sa kansa suka kaɗa a 2022, bugu na 12 da ya fito a Yunin 2023 ya haɗa da manhajojin kamfanoni da katin Wi-Fi ke buƙata kafin ya yi aiki.