Alƙalami a Gusau, Sanda a Abuja: Nazari kan Shari'a da Ikon Jihar Zamfara

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, garin Gusau ya cika ya batse. Jama'a sun taho daga sassa daban-daban na Arewa don su ji Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya shelanta dawo da shari'ar Musulunci a ɓangaren manyan laifuka. Jihar Zamfara a lokacin shekararta uku kacal, domin ranar 1 ga Oktoba, 1996 Janar Sani Abacha ya yanke ta daga Sakkwato. Dokar ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000, kuma kafin a je ko'ina jihohi goma sha ɗaya sun bi sahu. An sha yin rubutu kan wannan mataki, galibi yabo ko suka ta fuskar addini da haƙƙin ɗan'adam. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne batun iko: cikin abubuwan da kotu take buƙata kafin hukuncinta ya isa ga talaka, wanne ne a hannun gwamnatin jiha, wanne ne ba nata ba, kuma me ta yi da wanda take riƙe da shi?

Turawan mulkin mallaka ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun hana yanke hannu da makamantansa, amma alƙalai sun ci gaba da hukunci da mazhabar Malikiyya har a shari'ar kisan kai. Canjin ya zo ne gab da samun 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, aka samar da kundin Final Kod wanda ya fara aiki a 1960, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a don aure, gado, wasiyya da waƙafi. Ɗan ƙasar Zamfara ne, Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ya zama Alƙalin Alƙalan wannan kotu a 1962. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1960, sojoji suka ƙwace kotuna daga hannun En'e, suka rufe na sarakuna, suka mai da na alƙalai kotunan yanki. Waɗannan kotunan yanki ne talakan Zamfara ya sani, kuma su yake kuka da su: ɗage zama ba iyaka, da "na goro" kafin a saurari mutum. Da yawa cikin waɗanda suka yi kabbara a Gusau ranar shelar wannan ce damuwarsu.

Lauyoyin da suka tsara dokar sun yi aiki da basira. Sashe na 36(12) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana hukunta mutum kan laifin da ba a rubuce yake a doka ba, don haka suka zuba hukunce-hukuncen haddi da ƙisasi da ta'aziri cikin kundi mai sassa da lambobi, majalisar dokoki ta amince. Sashe na 10 ya hana jiha ɗaukar addini guda a matsayin nata, na 38 ya ba da 'yancin sauya addini, sai suka taƙaita dokar ga Musulmi, suka bar laifin ridda a waje. Kotunan yanki aka mai da su kotunan shari'a hawa uku, kotunan majistare da Babbar Kotun Jiha suka ci gaba da aiki da Final Kod. Inda ɗinkin bai kama ba shi ne ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 ya iyakance Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran iyali da gado, kuma manyan kotunan tarayya sun sha yanke cewa dokar jiha ba za ta faɗaɗa wannan iyaka ba. Ga kuma wani abu da aka fi mantawa: alƙalan da suka zauna a sababbin kotunan su ne na jiya, da magatakardansu da masinjojinsu. Allon ƙofa ne ya sauya cikin dare ɗaya.

Shari'o'in farko sun nuna wanda doka ta fi saurin kamawa. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe a Talata Mafara kan satar saniya, a 2001 aka yanke na wani kan satar kekuna. A Tsafe, cikin Satumbar 2000, kotu ta yanke wa wata yarinya da ta yi ciki ba aure bulala 100 na zina, da wasu 80 na ƙazafi saboda mazan nan uku da ta ambata sun musanta. An janye 80 ɗin daga baya, amma an yi mata 100 a Janairun 2001, lokacin da lauyoyi ke shirin ɗaukaka ƙara. Mazan kuwa suka tafi abinsu. Ko malamin da ya fi kowa goyon bayan shari'a zai ga ƙafar da aka fara da ita: fikihu ya ce a kauce wa haddi in akwai shubuha, ga shi an yi gaggawa a kan marasa galihu. Bayan nan gwamnati ta ja birki ba tare da ta faɗa ba. Hukuncin yanke hannu sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni suka daina sa wa, waɗanda aka yanke wa hukuncin suka yi ta zama a gidan yari ba gaba ba baya.

Kotu ba ta fita ta kamo mai laifi da kanta. Wanda zai kamo shi, ya yi bincike, ya gurfanar da shi ɗan sanda ne, shi kuwa sashe na 214 ya ce rundunarsa ɗaya ce tak a Nijeriya, kwamishinanta na Gusau daga Abuja yake karɓar umarni. Makamai na tarayya ne, dokar shaida ta tarayya ce, haka gidajen yari har zuwa gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2023. Hukumar Hisba tana iya rufe gidan giya ko sasanta miji da mata, amma ba ta da hurumin tsare mutum, balle ta tunkari mai bindiga. Kujerar gwamnan ma kanta, Zamfarawa sun ga inda ake yanke maganarta: ranar 24 ga Mayu, 2019 Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da APC ta samu saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba, Bello Matawalle na PDP ya wayi gari gwamna.

Sai dai wannan bai wanke gwamnatocin jihar ba, domin akwai babban iko guda da yake hannunsu, wato ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa gwamna amanar filayen jiha, ta ba ƙaramar hukuma damar ba da fili har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. A shekarun da ake ta muhawara kan haddi, a lokacin ne aka yi ta yanka dazuzzukan kiwo ana raba wa masu ido da kwalli gonaki, burtali ya toshe, mashaya ta shige cikin gona. A duba yadda ɓarnar gona guda take tafiya. Shanu sun shiga dawa a wani ƙauye na Bungudu. Mai gona ya kai kuka wurin dagaci, aka kira arɗo, ba a daidaita ba, magana ta kai caji ofis. Kafin a zo maganar diyya, makiyayi ya sayar da bijimi don beli, ya sayar da wani don a rufe fayil, manomin kuma abin da ya shigo hannunsa bai kai rabin asararsa ba. Kowa ya koma gida yana ganin an cuce shi. Alhali wannan mas'ala tana nan sarai a Risala da Muhtasar da kowane alƙali ya karanta: ɓarnar dare tana wuyan mai dabba, ta rana kuwa ana duba ko da sakacin mai kiwo. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Da a ce rabin ƙarfin da aka zuba kan haddi an zuba shi kan irin wannan ƙara, da wuya 'yan sa-kai su sami gindin zama, da wuya kuma ramuwar gayya ta kai inda ta kai.

Tattalin arziki ya ƙara dagula lissafin. Gusau gari ne da auduga da gyaɗa suka gina, tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Masaƙar Zamfara da ta ɗauki dubban ma'aikata ta daɗe da rufewa, jihar ta koma dogaro da kason wata-wata daga asusun tarayya. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta sa kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen jihar a ƙarƙashin layin talauci. Zinariyar Anka da Bukkuyum kuwa, sashe na 44(3) ya ce mallakar tarayya ce. Jiha ba ta ba da lasisi, amma ita ta binne yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010. Abuja ce ta hana haƙar ma'adinai a Afrilun 2019, ita ce kuma ta ɗage hanin a Disambar 2024.

A giɓin nan ne wata hukuma ta 'yan bindiga ta tsiro a daji. A ƙauyukan Tsafe da dama, kafin a yi shuka ko girbi, saƙo kan zo cewa gari ya haɗa kuɗi kaza, a raba wa kowane gida nasa, a kai kafin ranar da aka sa. Mai karɓar harajin nan shi ne kuma ake kai wa ƙara in an sace akuya, domin hukuncinsa ba ya kwana. A Jangebe, garin da sunansa ya fara fita duniya saboda saniya ɗaya, aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana a Fabrairun 2021. A Satumbar shekarar aka sace Sarkin Bungudu kansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru, ɗan bindigar da 'yan sandan Katsina ke nema ruwa a jallo, sarautar Sarkin Fulani, gwamnati ta dakatar da sarkin bayan ƙasa ta ɗauki zafi. An yi wa naɗin kallon abin kunya, kuma abin kunyar ne, musamman a 'Yandoto da ta yi suna da malamai tun kafin jihadi. Amma sarkin ya auna ne wa ke da ikon barin talakawansa su je gona.

Kundin shari'a na 2000 yana da babin hiraba, wato fashi da makami, da hukunci mai tsanani. A Yunin 2022 Matawalle ya sa hannu kan wata sabuwar doka mai hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu yi musu leƙen asiri. Ba a ga manyan 'yan daji a gaban alƙalan jihar ba duk da haka, kuma tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda a Nuwambar 2021, tuhumar ta'addanci a gabanta ake kai ta. Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, mutum sama da 2,600, wanda shi ne ƙoƙari mafi girma da jihar ta yi na riƙe sandar da kanta. Su ma lasisin bindigar da za su riƙe daga tarayya yake fitowa, kuma duk wanda suka kama sai sun miƙa shi ga 'yan sanda kafin ya ga alƙali.