Hakkin Majinyaci a Kan Likita: Daga Littafin Alƙali Zuwa Shari'ar Trovan

A garinmu Rara, idan magani ya yi wa mutum illa, sai a ce ƙaddara ce, a yi shiru. Da yawa daga cikinmu na zaton kai ƙarar likita al'adar Turawa ce. Tarihi bai nuna haka ba.

Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, wanda kuma shi kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magani, alƙalan Daular Usmaniyya na hukunci da fiƙihun Malikiyya, musamman Mukhtasar na Shehu Halilu. A nan an ɗora wa mai magani alhakin ɓarnar da ya jawo ta fuska uku: in ya yi aikin da bai sani ba, in ya yi sakaci, ko in ya taɓa mutum ba da izinin da shari'a ta amince da shi ba. Wanzami da mai kaciya duk hukuncin ya hau kansu. Diyyar rai kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000.

Wannan batu na izini shi ne ya sake tasowa a Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka ɗauka, aka ba kusan rabinsu Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar, kuma iyayen sun yarda da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi.

Sai a Disamba 2000 duniya ta ji, bayan jaridar Washington Post ta tono zancen. A 2001 iyaye suka kai ƙara birnin New York, kotu ta kore ta. Gwamnatin Kano ta shigar da tata ƙarar a 2007. A Janairu 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta dawo da shari'ar iyayen, ta ce dokar ƙasa da ƙasa ta haramta gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba. A ganina nan ne zuciyar lamarin, domin abin da alƙalan Sakkwato suka daɗe da sani ke nan.

A wannan shekara aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. An ware miliyan 35 don waɗanda abin ya shafa, 30 don ayyukan lafiya, 10 don kuɗin shari'a. Amma fa sai an gwada ƙwayoyin halitta a tabbatar da dangantaka kafin a biya, abin da ya fusata iyaye da dama. Iyalai huɗu na farko sun karɓi dala 175,000 kowannensu a Agusta 2011, shekara 15 bayan sun binne 'ya'yansu.