Nana Asma'u da Malfar Jaji

 Yau tarihi za mu taɓa, na nan gida Sakkwato: yadda mace ɗaya, tana zaune a ɗakinta, ta haɗa kan matan ƙauyukan da ba su san juna ba a kan buri guda.

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1793, ta kuma auri Waziri Giɗaɗo. Da ƙurar jihadi ta lafa, sai ta lura mata da yawa a karkara ba su san tsarki da salla yadda ya kamata ba, in ciwo ya zo kuma gidan bori ake nufa. Ita ba za ta iya bin gari-gari ba. Matan aure su ma ba fita suke ba. To, yaya ke nan?

A tsakanin 1830 da 1840 ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. Sai ta zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji. Jaji ke jagorantar tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su tako da ƙafa har wurin Nana, da ɗan abin sadakarsu, hatsi ko zuma ko man shanu, wanda ake raba wa mabukata. A koya musu karatu cikin waƙa, da Hausa ko Fulfulde, don mai daka da mai kaɗi su iya riƙewa. Su koma gida, su bi ɗaki-ɗaki suna koya wa matan da ke kulle.

Abin da ya fi burge ni shi ne malfa. Babbar hula ce da aka san Inna ta Gobir da ita, shugabar 'yan bori. Nana ba ta ce a ƙone ta ba. Ɗauka ta yi ta ɗora wa jaji, aka ɗaura mata jan ƙyalle. Matan ƙauye sun riga sun san mai wannan hula uwa ce da ake saurara, sai ga shi yanzu ilmi take kawowa. Ku dubi hikima, jama'a! Jaji ba 'yar aike ba ce. Amana aka ba ta, ta san abin da ake nufi da tafiyar, don haka ko ba idon Nana aikin yana gudana.

Shaida kuwa ta zo bayan rasuwarta a 1864. Tafiyar ba ta watse ba. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragama, jajoji suka ci gaba da zuwa da ayarinsu, har bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.