Tarihin Kiwon Kifin Faɗa na Siyam

A ƙasar Siyam, wadda yau ake kira Tailan, tun zamanin da manoma suka lura da wani ɗan kifi mai zafin rai cikin fadamun shinkafa, wanda Allah cikin hikimarSa Ya hore wa shaƙar iska daga saman ruwa har yakan rayu a ƙaramin tulu, sai suka riƙa kiwonsa domin haɗa mazansa faɗa ana caca, al'adar da babu abin yabo cikinta. An kai shi Faransa a 1892, masani Regan ya raɗa masa suna Betta splendens a 1910, sannu a hankali sha'awar launinsa ta rinjayi ta faɗansa. Amma ɗabi'arsa ba ta sauya ba: ruwa mai ɗumi yake bukata, kuma kada a haɗa maza biyu cikin mazubi ɗaya.