Daga Tashar Kaura Zuwa Famfon Feshi: Wa Ya Taɓa Lissafa Jikin Manomi?

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. A jikin lambar motocin Zamfara an rubuta cewa noma ne alfaharinmu. To ni ɗan Birnin Tsaba ne, kuma a wannan zangon karatu na zauna na bi tarihin dokokin kare lafiyar ma'aikata a Najeriya ina neman inda aka ambaci manomi. Ga abin da na tarar.

2/ Mu fara daga 1929, shekarar da layin dogo ya taso daga Zariya, ya bi ta Gusau, ya tsaya a Kaura Namoda. Nan ne ƙarshen layin. Turawa sun shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga. Daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ake lodo a jakuna da raƙuma zuwa wurin awo, daga nan jirgi ya wuce da kaya kudu, sai bakin teku.

3/ Gwamnatin wancan lokaci ta damu da gyaɗar nan ƙwarai. Akwai malaman duba amfanin gona, ana tantance mai kyau da marar kyau, ana rage kuɗin wadda aka samu da tsakuwa ko danshi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Kowane buhu yana cikin littafi. Mutumin da ya duƙa tun asuba ya noma ta, babu littafin da ya shiga sai na haraji.

4/ Ga misalin da ya fi tsaya mini a rai. A 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa daga Burazil. Bincike ya gano gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, wato afalatoksin. Nan da nan hankalin masu saye ya tashi, masana a Samaru ta Zariya suka duƙufa kan yadda za a riƙa busar da gyaɗar Arewa. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma gyaɗar nan mutanenmu sun daɗe suna cin ta a ƙuli-ƙuli da kunu. Sai da tsuntsayen Ingila suka mutu aka waiwaye ta.

5/ Dokokin fa? Tun farkon shekarun 1940 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. A shekarun 1950 aka yi dokar masana'antu, aka sabunta ta a 1987. Ta yi maganar iska da haske, da shingen da za a sa wa inji, da akwatin taimakon gaggawa. Duk wannan a cikin katangar masana'anta ne. Lebura a kamfanin gurzar auduga na Gusau yana ciki. Wanda ya noma audugar yana waje.

6/ Kafin zuwan magungunan feshi, haɗarin gona sananne ne: sara da fartanya ko gatari, ƙaya, zafin rana, sai uwa-uba maciji. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ta fi cizo lokacin shuka da girbi, kuma yawanci a ƙafa ko hannu. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini har ta dasashi. Sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida saran maciji cikin jerin manyan cututtukan da aka yi watsi da su. Mashahurin asibitin masu saran maciji yana Kaltungo a Gombe. Ku auna nisan daga Zurmi.

7/ Shekarun 1970 ne suka canza komai. Fari ya zo, sannan a 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki. A daidai lokacin Bankin Duniya ya kawo manyan ayyukan gona uku na farko a Funtuwa, Gusau da Gombe. A 1976 Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 Shagari ya zo da nasa juyin noma. Taki ya shigo, irin zamani ya shigo, maganin ƙwari da famfon feshi suka shigo.

8/ Kwalbar ta iso ƙauye da sauri. Safar hannu, takalmin roba da takunkumi ba su biyo ta ba. Gargaɗin da ke jikinta da Turanci yake, da ƙananan haruffa, ga mutanen da yawancinsu ajami suke karantawa. Malamin gona da ya kamata ya yi bayani shi ɗaya ne ga ƙauyuka barkatai, daga baya ma aka daina ganin babur ɗinsa.

9/ Dattawa za su tuna Gamalin. Maganin ƙwari ne na feshin gona, amma ya koma kayan su: a zuba a tafki ko kududdufin da gulbi ya bari da rani, kifi ya taso sama a kwashe. Masunci yana tsaye cikin ruwan har ƙugu, shanu su sha, yara su yi wanka, kifin kuma ya tafi kasuwa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta amfani da guba. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, a 2009 aka sa shi cikin jerin waɗanda duniya ta yarda a daina a Yarjejeniyar Stockholm. Wa zai bi gaɓar Gagare da Bunsuru yana duba abin da aka zuba a ruwa?

10/ Bari in ɗan tsaya nan, don wannan ya shafi wanda zai goya famfo a daminar bana. Irin su fiya-fiya ba sai an sha suke illa ba. Ta fata suke shiga, musamman in ta jiƙe da gumi, kuma famfon da ke yoyo a baya yana jiƙa riga tun safe har azahar. A jiki suna toshe sinadarin da ke tsayar da saƙon jijiya, sai jijiyoyi su yi ta aiki babu birki: yawu ya yi ta zuba, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya.

11/ Ni ma na goya famfon nan a gonar wakenmu, kuma na san abin da ake cewa in an tashi: sha nono ko manja, zai wanke. Wallahi ba ya wankewa. Abin yi shi ne a cire rigar, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, in alamun nan sun bayyana a nufi asibiti da kwalbar a hannu, don likita ya san me zai yi. Akwai allurarsa, atirofin.

12/ To yaushe hukuma ta motsa? A 2008 ɗaliban wata makarantar 'yan mata a Doma, Jihar Gombe, da mutanen Bekwarra a Kuros Riba suka kwanta bayan cin wake mai magani. NAFDAC ta haramta magunguna 30. A Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya a cikinsa, sai taro a Abuja, sai kwamiti. Duk biyun maganar mai ci ce da mai saye. Yaron da aka biya ladan yini ya fesa maganin da hannu tsirara, ba a kira shi taron ba.

13/ Adalci dai, an ɗan samu ci gaba. Farakwat, maganin ƙone ciyawa da ke lalata huhu kuma ba shi da makari, NAFDAC ta haramta shi daga farkon 2024. Turai ta haramta shi tun 2007.

14/ Mu a Zamfara mun ga abin da aiki ke ɗaukowa ya kawo gida. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Yargalma da Bagega, aƙalla yara 400 suka mutu da gubar dalma. Iyayensu manoma ne da suka koma haƙar zinare, suna niƙa dutse a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. Yaran ba su taɓa shiga rami ba. Duk lokacin da na ga kwalbar maganin feshi an ɗauraye an zuba man gyaɗa, ko rigar feshi rataye a ɗakin da yara ke kwana, Bagega nake tunawa.

15/ Na san wani zai ce, malam, mu da ke biyan 'yan bindiga kafin mu shiga gona kake yi wa maganar safar hannu? Gaskiya ne, yau a Zurmi da Shinkafi babban haɗarin noma harsashi ne. Amma duba: wanda aka harba a gona da wanda magani ya kayar a gona, iyalansu abu ɗaya suke samu, gaisuwa da addu'a.

16/ A takarda, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da ɗan ƙwadagon yini. Mai aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF. To a gonar da ake biyan lada da yamma a ƙarƙashin bishiya, wani lokaci ma da damin gero, ina albashin da za a cire kashi ɗayan?

17/ Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa noma cikin sana'o'i uku mafi haɗari, tare da haƙar ma'adinai da gini. A 2001 ta yi yarjejeniya ta 184 kan lafiyar masu aikin gona. Burkina Faso ta amince da ita a 2009, Gana a 2011, Najeriya ba ta amince ba. Na buɗe ta na karanta, kuma sashe na 2 ya ce ba ta shafi mai noma don ciyar da gidansa ba. Ko gobe aka sa hannu a Abuja, mahaifina da gonar geronsa a Birnin Tsaba ba su ciki.